Yadda soket ɗin kicin ya kusa ƙona mana gida

Bara da azumi ne, ana saura kamar minti ashirin a sha ruwa, ina zaune a zaure sai na ji Maman Abba ta ƙwala kira, "Baban Abba, zo ka ga, wani abu na ƙauri!" Ina shiga kicin na tarar ekstenshan ya narke kamar an ɗora leda a garwashi, bakin filogin butar lantarki ya yi baƙi ƙirin, robar wayar har ɗiga take. Allah Ya sa ba ta kai hannu ba.

Laifina ne, ba na kowa ba. Lokacin da aka kawo mana wuta ƙauyenmu nan gefen Ringim, wani yaro na kira ya ja mana waya, ƙwai huɗu da soket biyu, shi kenan, don a lokacin caji da fanka kawai muka sani. Daga baya uwargida ta fara sana'ar ƙanƙara da zoɓo aka sayo firiza, ƙanwarta ta kawo mata buta daga Kano, ni kuma na ƙaro rishon lantarki saboda tsadar itace da gawayi, duk aka tattara su a soket ɗaya tal.

Washegari na ɗauko wani dattijon mai wayarin da ya daɗe yana aiki a birni. Da ya buɗe soket ɗin ya ga wayar sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai wannan wayar ƙwai ce, siririya mai kaurin 1.5, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi." Sai ya tsuguna ya yi min lissafi da tsinke a ƙasa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, soket mai ido uku kuma amfiya 13 yake ɗauka, in ka ninka su za ka samu kusan wat 3,000, nan ne iyakarsa. Ya juya gindin butar ya nuna min an rubuta 2,000, rishon 1,500, to tun ba a sa firiza ba an wuce. Wallahi shekara nawa ina amfani da kayan nan ban taɓa duba rubutun da ke gindinsu ba.

Abin da ya ce a yi shi ne kicin ya samu nasa layukan tun daga allon bureka, wato makunnin nan da ke faɗuwa ya yanke wuta in kaya sun yi wa layi yawa, kar ya rataya a layin ɗaki. Ƙwai su zauna a waya 1.5 da bureka mai amfiya 10. Buta da injin markaɗe na tebur su hau waya 2.5 da bureka 20. Risho nasa daban, ya ce da babbar kuka ce mai oben sai an ja waya 6 da bureka 32. Firiza kuma ita kaɗai. A nan muka ɗan ja, na ce Baba firizar da ba ta kai wat 200 ba meye na ɓata mata waya guda, ya ce ba cinta ba ne matsalar, lokacin da kwamfiresa za ta tashi takan fizgi wuta ninkin ba ninkin, sannan in tana layi ɗaya da buta bureka ta faɗi da dare ba wanda ya sani, da safe uwargida ta tarar da jarinta ya zama ruwa. Maman Abba tana bayan labule ta ce "a raba, Baba." Magana ta ƙare.

Wani abin da ban sani ba sai ranar, ashe bureka waya take tsaro, ba kayan ba. In tana yawan faɗuwa mutanenmu sai su cire su sa babba, ko a fiyus na da a ɗaura waya mai kauri, to ka kori mai gadi kenan, wayar za ta yi ta zafi a cikin bango ko rufi ba mai tsayar da ita.

Sayen waya ma aiki ne. Tare muka shiga Sabon Gari, yana ɗaukar nadi sai ya kankare bakin da wuƙa, in ya ga fari a ciki ya ajiye, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ga araha ga sauƙin ɗauka amma zafi take yi. Kuɗin ta gasken ya sa na yi shiru na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba.

Soket ya ɗaga su sama da kan tebur saboda matanmu a ƙasa suke wanke-wanke ruwa na fantsama, ga yara masu rarrafe. Waya duk a cikin fayif saboda ɓera. Sannan ya kafa sandar ƙarfe ta waya ta uku, mai kore da ɗorawa, wadda ke kai wutar da ta zurare jikin kaya zuwa cikin ƙasa, a kusa da makwarara inda ƙasa ke da danshi, ya ce rairayinmu in ya bushe da rani ba ya aiki sosai. Tun daga nan firizar ta daina ɗan jan da take wa mutum in ya taɓa ta ba takalmi, wanda da mun ɗauka halinta ne.

Amfanin da ban yi tsammani ba shi ne ranar da babu wuta. Ɗan janaretanmu ko buta ba zai iya ba, yanzu in zan juya sai na sauke burekar buta da ta risho, a bar ƙwai da fanka, ya ma rubuta sunan kowace da maka a jiki don ko Abba zai gane. Sitabilaiza ce ta rage, don da magariba wutar takan zo lo firizar ta dinga gurnani, na ce sai an sayar da riɗi.