Karɓi kuɗinka, ka bar masa mutuncinsa

Ranar Lahadi da aka tashi daga sujada, ɗan ƙanwata ya tare ni a bakin ƙofar majami'a, ido ja wur, waya a hannu. Babur ya saya ya ba wani yaro cikin ƙungiyar matasa yana kabu-kabu, kullum ya kawo masa jikka 2, wato sefa 2,000. Yau sati uku ke nan ko dala bai gani ba. "Kawu, gobe komisariya zan kai shi, wurin ƴan sanda. Kuma sai na sa hotonsa a WhatsApp kowa ya san ɓarawo ne. Ai ku kuka koya mana cewa gaskiya ba ta da ƙane."

Ni na koya musu kuwa. Shi ya sa daren nan barci ya gagare ni.

A 2005 ina da shagon ɗinki kusa da kasuwar Dole, keke uku, yara biyu masu koyo. Wanda ya ga wannan shekara a Damagaram ba sai an ba shi labari ba. Fara ta ci gonaki a damanar 2004, ruwa ya ɗauke da wuri, kafin bazara tiyar gero ta fi ƙarfin talaka. Wata Hajiya ta kawo mini shadda ta bikin ɗiyarta. Saura kwana shida biki na buɗe akwati, wayam. Ɗaya daga cikin yarana ne ya ɗauke ta, ɗan shekara 17, ɗan wata gwauruwa daga wajen Mirya, yaron da ni na tsaya kusa da shi ranar da aka yi masa baftisma. Ya sayar da ita jikka 15, ya auni gero ya aika wa uwarsa.

Kafin ku yanke mini hukunci, ku saurara. Mu Kiristoci a garin nan ƴan kaɗan ne, kuma jarinmu amana. Hajiyar nan ta wuce teloli nawa ta zo wurina don an ce mata a shagon Kiristan nan ko ƙyalle ba ya ɓata. Bashi na ci na sayo wata shaddar, na kwana uku a kan keke. Ni ma ina da ƴaƴa huɗu da ke kallon tukunya. Kuma sata sata ce, yunwa ba ta goge doka ta takwas ba. Har yau in na tuna wannan ɓangaren sai in ji kamar ban yi laifi ba.

Amma ba a nan abin ya tsaya ba. Yaron da bakinsa ya faɗa, ban tsare shi da tambaya ba. Ya durƙusa ya ce zai yi mini aikin wata huɗu ba ko kuɗin sabulu. Na ƙi. Na kai shi wurin ƴan sanda ya kwana biyu, ran Lahadi kuma lokacin sanarwa na miƙe gaban jama'a na ambaci sunansa. Wani dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya tuna mini Linjilar Matta sura 18, inda Ubangiji ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka fara zuwa wurinsa ku biyu kaɗai. Na ce ai surar nan ta ce a faɗa wa ikilisiya. Ya ce, "In ya ƙi ji. Wannan ya ji tun kafin ka buɗe baki." Ban amsa ba, don ba ni da amsa, amma ban fasa ba. A surar dai akwai bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa kan dinari 100, kuma ni ne nake koya wa yara wannan misalin a makarantar Lahadi.

Uwar ta sayar da akuyoyinta biyu ta biya ni har dala ta ƙarshe. Yaron bai sake taka majami'a ba. An ce ya tafi Agadas, daga nan Libiya.

Daga baya na karkata wancan gefen, na sake yin ɓarna. Da aka ba ni ma'ajin ikilisiya, wani ya ranci kuɗi daga asusun gwauraye ya ƙi biya. Na ce a ƙyale shi, Allah ya gani. Ya dawo ya sake ranta. A ranar Kirsimeti matan nan suka tafi gida hannu rabbana. Na yi ta ce wa kaina jinƙai ne, alhali tsoron yaron shadda ne ke bina, kuma kyauta na yi da kuɗin da ba nawa ba.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a nan Zinder, maƙwabcina Musulmi ne ya ɓoye iyalina a ɗakin matarsa. Bayan haka mun yi ta cewa mun yafe, kuma da gaske na yafe. Sai dai na lura da wani abu da ya ba ni kunya. Yafe wa taron da ban san fuskokinsu ba ya zo mini da sauƙi fiye da yafe wa yaron da muke cin tuwo a kwano ɗaya.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa zai karanta? Kafin shayin fada ya tafasa kun riga kun kama mutum, kun yi masa shari'a, kun watsa hotonsa. Ni aƙalla sai da na jira Lahadi, mutum 60 suka ji. Ku da babban yatsa kuke yi, har dangin mutum na Kano su gani.

To, ɗan ƙanwata, ka karɓi kuɗinka. Kada wani ya ce maka Kirista ba ya bin bashi, ko Zakka, mai karɓar haraji na cikin Linjila, da ya tuba sai da ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Ka karɓe babur ɗin ma in ka ga dama, naka ne. Amma ka je ka same shi shi kaɗai, ka tambaye shi ina kuɗin suka tafi, ka rufe bakinka har ya gama. Tozarta shi ba ya cikin bashin. Kuma kada ka kai shi komisariya. Ko da yake in ka tarar ya sayar da babur ɗin ya shiga caca, kai shi, ni zan raka ka, ba zan sake yin irin ta asusun gwauraye ba. Yadda za ka rarrabe mayunwaci da ɗan iska kuwa, ni sau biyu na gwada sau biyu na faɗi.

Da na gama masa wannan dogon labari, ɗan ƙanwata ya ce, "Na ji, Kawu," idonsa na kan waya, irin jin nan nasu da ke shiga ta nan ya fita ta can. Bai sa hoton ba tukuna. Na ce ya zo ya ɗauke ni gobe in rana ta yi sanyi mu je gidan su yaron a Kara-Kara, kuma wayar a aljihuna za ta zauna har mu fito.