Inda iska take dosa

Sana'armu ita ce girka wa asibitoci akwatin da masu harhaɗa magunguna ke haɗa alluran ciwon daji a ciki, da kuma duba lafiyarsa. Rufe yake ruf, da dogayen safar hannu manne a gilashin gaba. Kwalbar magani ba ta shiga sai ta wani ɗan zaure mai ƙofa biyu, ɗaya ba ta buɗuwa sai ɗayar ta kulle. Iska kuwa daga sama take saukowa ta matatar HEPA, mai tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

Da gyaran na'urar sanyaya ɗaki na fara. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ya tsayar da ni gaban akwatin farko, ya saki siririn hayaƙi a ciki ya ce in zuba ido. Hayaƙin ya miƙe ƙasa sambal, sai a wata kusurwa ya yi ɗan juyi. Ya ce, "Yaro, nan cuta za ta kwana." Yini guda muka yi a kan kusurwar nan.

A wurinsa na gane cewa magani irin doxorubicin, jan nan, ko cyclophosphamide, yadda yake kashe cutar haka yake illata mai haɗa shi. Don haka matsin iskar ciki dole ya kasa na ɗakin, ko da safa ta huje, cikin akwatin iska za ta faɗa, ba fuskar ma'aikaci ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na jabu. An taɓa kirana wani asibiti, na tarar da aikin mai walda: alminiyon, gilashin taga, da fankar kicin. Ba matata, ba agogon matsi. Wata baiwar Allah mai juna biyu ke aiki da shi kullum. Da na yanka farashinmu, sai aka ce, "Haba Alhaji, ai akwatin gilashi ne, a yi mana ragi."

Namu bakin ƙarfe ne marar tsatsa, kusurwoyinsa a lanƙwashe don kada datti ya maƙale. Duk wata shida mukan dawo mu gwada yoyon matata da na safa, mu sake sakin hayaƙi. Idan hunturu ya kama ba ma jiran wata shidan, domin hazon Kano yana toshe matatar gaba tun kafin lokacinta.