Abin da GTI ɗin ɗan Alhaji ta koya mini kafin in bar gareji

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a garejin maigidana. Tunda 'yan'uwa makanikai na Sakkwato suna ta tambayar dalili, gara ku ji daga bakina.

Wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin Golf 5 GTI ya san ba Golf ɗin haya ba ce. Injinta lita 2 ne mai tobo, ƙarfin doki 200 daga kamfani, kuma fetur mai lamba 98, wato mai jure matsi sosai, Volkswagen suka fi so a zuba mata. Mu kuwa mun san abin da gidajen manmu ke sayarwa, mun kuma san a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40.

Wani ɗan Alhaji ya kawo tasa, 'yar Kwatano mai tsabta, yana son ta ƙara gudu ta kuma riƙe kwana. Na ce a fara da taya, birki da shoka masu kyau, a sa intakula babba, kafin a taɓa kwamfutar injin. Tobo matse iska yake yi, iskar da aka matse zafi take ɗauka, intakula ce ke sanyaya ta. Idan iskar waje ma wuta ce, aka ƙara matsin, fetur zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, fistin ne zai sha dukan.

Oga ya dube ni gaban yara ya ce, "Kai yaro, mi ka sani ga mota? Tun ba a haihe ka ba nike kwance Bitil," wato tsohuwar motar Volkswagen. Ya kira wani mai laftof ya ɗura mata fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, wanda aka tsara don sanyin Turai da fetur ɗinsu. Ya cire tamostat, mai daidaita zafin inji, kamar yadda yake yi wa kowace mota, ya fasa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, don ta yi ƙara. Sifirin kuwa da garanda ya yanke su, wai ta zauna ƙasa. Ta zauna ɗin, sai dai shoka ba ta da sauran wurin motsi, motar ta koma tsalle kamar akuya, kowane tudun rage gudu sai cikinta ya goga.

Ba ta daɗe ba injin ya buga a hanyar Bodinga da tsakar rana. Da muka sauke kan injin, fistin ɗaya ya tsage. Alhaji ya zo da kansa, Oga ya nuna ni ya ce ni ban ɗaure tiyon lagireto ba. Tiyon yana nan daram, kowa ya gani, ba wanda ya yi tari. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe," aka zabge kuɗin aikina.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙurar hunturu na cinye tobo idan aka sa matatar iska buɗaɗɗiya. Bayan an rage tsawon mota dole a sake alaimen, wato saita tayoyi. Baƙin man jarka na bakin titi ba na wannan injin ba ne. Shawarar da ka ba mai mota kuma, tura masa ita ta WhatsApp ta zauna a rubuce, musamman idan maigidanka irin wanda ya kwance Bitil ne.