Mabuɗi ɗaya a hannun kowa

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a kamfanin manhaja da nake yi wa hidima a Gombe, kuma ƙannenmu masu tasowa sun sha tambayata abin da na koya. Aikina kula da ƙofofin shiga na shafukan makarantun da muke yi wa aiki. Tsarin tantance masu shiga ba mu muka gina ba, na Auth0 muke haya, kamfanin da aka kafa a 2013, wanda Okta ta saya a 2021. A wurinsu kowace hanyar shiga haɗi ce mai zaman kanta: malamai da asusun Google, ɗalibai da iyaye da imel da kalmar sirri. Kowane haɗi kuma yana ɗauke da jerin manhajojin da aka yarda su yi amfani da shi. Da makarantu suka yi mana yawa, sai muka bar latse-latse a allon gudanarwa muka koma API, wato hanyar aika wa tsarin umarni a rubuce kai tsaye.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mabuɗin da muke shiga API ɗin da shi. Guda ɗaya ne, kuma an ba shi izinin komai: ya karanta, ya ƙirƙira, ya gyara, ya goge. Ni aka sa na buɗe shi tun farkon zuwana, sirrinsa kuwa yana yawo a zaurenmu na WhatsApp. Na roƙi Oga a raba, kowa da nasa, kowa da iyakar izininsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka yarda da mu ba ne?" Daga nan aka rufe maganar.

Daren da wata makaranta za ta saki sakamakon zango, mai makarantar ya matsa a kunna sabuwar manhajarsu ta waya kafin gari ya waye. Ni na riga na koma gida Pantami, kuma ba wanda ya neme ni. Oga ya zauna a ofis ya aika umarnin PATCH, wato umarnin gyara, zuwa haɗin ɗalibai, ya sa lambar sabuwar manhajar ita kaɗai a cikin enabled_clients, wato jerin manhajojin da aka yarda su yi amfani da haɗin. To ga inda gizo ke saƙar: wannan jerin ba ƙari ake yi masa ba, abin da ka aika shi ke maye gurbin tsohon gaba ɗaya. Amsa ta dawo 200, alamar komai lafiya. Ya gwada a wayarsa, ya shiga, ya kashe janareta ya tafi. Shafin intanet na ɗalibai da na iyaye kuwa umarnin nasa ya riga ya cire su daga jerin.

Da sassafe wayata ta ɗauki ruri. Duk wanda ya buga kalmar sirrinsa sai a ce masa ba a kunna wannan haɗin ba. Wata uwa ta hau Keke Napep daga Tudun Wada har ofishinmu, riƙe da wata 'yar takarda da ta rubuta lambar ɗiyarta da biro, ta naɗe ta a bakin mayafi. Ta biya mai shagon intanet, kuɗin ya tafi, ba ta ga sakamako ba. Ta ce da ni, "Ɗan nan, ko an kori yarinyar ne ba a faɗa mana ba?" Har yau idan na tuna fuskarta raina ɓaci yake yi.

Al'adata ce kafin in taɓa kowane haɗi in ɗauko shi da GET, wato umarnin karantawa, in ajiye kwafinsa. Da wannan kwafin na mayar da jerin, na haɗa da sabuwar manhajar, kafin hantsi kowa yana shiga.

Da yamma mai makarantar ya zo. Ina tsaye Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron da ke kula da ɓangaren ne ya yi kuskure, mun ja masa kunne." Na buɗe kundin ayyuka don in wanke kaina. Kundin ya nuna lokaci, ya nuna abin da aka aika, ya nuna adireshin intanet na ofis, sannan ya nuna sunan mabuɗin, wato wanda kowa ke riƙe da shi, wanda kuma ni na buɗe. Sunan mutum babu. Bayan baƙon ya tafi na ce, "Oga, kai ma ka san a lokacin ina gida." Ya ce, "A gaban mai kuɗi dole wani ya ɗauka. Kai yaro ne, za a manta." Aka yanke mini wani abu daga albashin watan da sunan ladabtarwa. Ba a manta ba, domin har na zo tafiya mai makarantar ba ya yarda in taɓa aikinsa sai an sa wani a kaina.

Don haka shawarar da na fi riƙewa ita ce kada ka yarda ka zama mai kula da ƙofar da mabuɗinta ke hannun kowa. Kowane ma'aikaci da kowane aiki a buɗe masa nasa. Mai duba rahoto izinin karantawa, wato read:connections, ya ishe shi. Izinin update:connections na mai gyara ne kawai, izinin gogewa, delete:connections, kuwa bai kamata ya kwana a hannun kowa ba, don haɗin da aka goge ba ya dawowa. Idan shugabanka ya ƙi, ka rubuta masa imel, kada ka tsaya ga maganar baki. Bayanan yaran mutane ne a ciki, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Sauran darussan gajeru ne. Sashen options, inda saitunan haɗi suke, shi ma kamar jerin nan yake, wanda ka aika shi ke share tsohon, kuma takardun Auth0 sun yi gargaɗi a kai ƙarara. Yanzu akwai adireshin API na daban da ke kunna ko kashe manhaja ɗaya ba tare da taɓa sauran ba, shi za ka bi. Amsar 200 tana nufin an karɓi umarninka ne kawai, sai ka gwada tsofaffin ƙofofi da hannunka. Idan ka ga 429 ka yi yawan aike ne, ka sassauta. Mabuɗan gwaji da Auth0 ke bayarwa na shiga da Google ba na aikin gaske ba ne. Kuma a raba wurin gwaji da wurin da iyaye ke shiga.

Wanda zai gaje ni zai tarar na raba mabuɗan a makon nan, na canza sirrin tsohon, kuma kwafin kowane haɗi yana ma'ajiyarmu ta Git, inda muke adana ayyukan manhaja, an cire sirrika daga ciki. Na Oga na bar masa izinin karantawa kawai, na kuma rubuta masa dalili a imel. Bai amsa ba tukuna.