Yadda Na Tayar da Ford Ta 1940 Daga Rumbun Gona

A Amurka, idan aka ɗauki motar da aka ƙera kafin 1949, aka bar mata surarta ta da, amma aka sa mata inji da giya da birki na zamani don a riƙa hawanta kan titi, sunanta "street rod". Tawa Ford ce ta 1940, mai ƙofa biyu, irin mai gajeren rufi da dogon but da ke gangarawa ta baya. A rumbun wata gona na same ta a kudancin jihar Ohio, hannun wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata. Ranar da aka sauke ta a ƙofar gidanmu a Columbus, uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Abba, kai ka biya su, ko su suka biya ka ka kwashe musu?"

Ba ta san darajarta a wurin 'yan harkar ba ne. Bob Gregorie ne ya jagoranci zana ta a zamanin Edsel Ford, shugaban kamfanin a lokacin, kuma ita ce motar da masu sumogar barasa a tsaunukan North Carolina suka fi so, saboda girman but da gudun injinta. Junior Johnson, wanda daga baya ya shahara a tseren motoci na NASCAR, irinta ya tuƙa a waccan sana'a.

Kafin in taɓa noti ko ɗaya, sai da na nemo lambar motar. Ford na wancan lokacin ba su da faranti a bayan gilashi kamar motocin yanzu. A jikin shasi ake buga lambar, ta hagu, kusa da akwatin sitiyari. Na goge wurin da hannu a hankali har lambar ta fito, ta yi daidai da ta takarda, na ɗauki hoto, na rufe wurin da tef. Wanda ya bi ta kai da giranda ko walda ya jawo wa kansa wahala ranar rajista.

Da aka wanke bodin da yashi, asiri ya tonu. Ohio jihar dusar ƙanƙara ce, gishiri ake watsa wa tituna da hunturu, gishirin nan kuwa ba ya barin ƙarfe. Daɓen wurin ƙafa duk huda ne, ƙasan but ya zama leshi, sannan wani mai gyara na can baya ya cika gindin madigadin baya da fila mai kaurin yatsa, a ƙarƙashinta har da ragar waya. Na yanke duk inda ya ruɓe har sai da na kai ga ƙarfe mai rai. A nan waldar da na koya a Panteka ta Kaduna ta yi mini rana. Falangen bodi siriri ne, idan ka ja masa walda doguwa zafi zai murɗe shi. Ɗigo ɗaya za ka yi a nan, ka tsallaka nesa ka yi wani, ka bari ya huce har ka iya ɗora tafin hannu, ka daddaka da guduma, sannan ka dawo. Aiki ne mai cin rai. Amma gwargwadon haƙurinka a nan, gwargwadon ƙarancin filar da za ka shafa gobe.

Maganar inji ce ta jawo mini gardama. Nata na asali shi ne V8 ɗin da suke kira "flathead", wanda Ford ya fito da shi a 1932 ya ci gaba da yi har 1953. Na 1940 ƙarfin doki 85 ne. Yana da daɗin ƙara, amma hayaƙinsa ta cikin bulo yake ratsawa kafin ya fita, shi ya sa yake yawan zafi. Nawa ma ya tsage tsakanin bawul da silinda. Na sa Chevrolet 350. Masu kishin Ford suna ganin wannan cin amana ne, wani dattijo maƙwabcina har yau sai ya girgiza kai idan na ɗaga bonet. Ni dai lissafi na yi: injin gajere ne, kwanon baƙin mansa ta baya yake zurfafa don haka ba ya karo da ƙarfen gaba, kuma babu garin da za ka tsaya a Amurka ka rasa kayansa. Giyabos ɗin 700R4 na haɗa masa, mai giya ta huɗu ta doguwar tafiya, ga aksil ɗin Ford mai inci 9 a baya. A gudun mil 70, injin bai fi juyi 2,000 da 'yan kai a minti ba.

Inda kuɗina suka tafi da gaske, ba wanda ke gani. An yi shasin ne don doki 85, yanzu kuma zai ɗauki ninkin haka sau uku, sai na toshe buɗaɗɗen gefensa da faranti ya zama akwati. Ƙafar gaba ta asali sanda ɗaya ce da sifirin a gicciye. Na cire na sa tsarin ƙafar motar Ford Mustang II, wanda kowace taya ke motsi da kanta, da birkin faifai. Birkin da kansa na raba shi layi biyu, gaba daban baya daban, yadda doka ta wajabta wa sababbin motoci tun ƙarshen shekarun 1960. Ga wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane: tukunyar man birki a ƙarƙashin daɓe take, ƙasa da birkin da ke jikin tayoyi, saboda haka mai yana zurarowa baya, ka taka ka ji fedal ya nutse. Maganinsa ƙaramin bawul ne mai riƙe matsi a kowane layi, fam 2 ga birkin faifai, fam 10 ga birkin ganga. Bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Wayoyi kuwa duka na kwashe, daga lantarki mai bolt 6 na koma mai 12.

Babban abin da na koya shi ne tsarin aiki: fenti ne ƙarshe. Na haɗa motar gaba ɗaya tana sanye da farar ƙasa kawai, na yi ta yawo da ita a unguwa a haka, yara suna nuna ni. A wannan yawon na gano distirbuto yana taɓa bangon inji, sai da na yanka na tura shi ciki. Na gano tana zafi a danja, don hancin motar matsattse ne, sai da aka yi wa fanka murfi mai tattaro iska ta cikin lagireto. Na gano ƙofar dama tana gogar madigadi idan na hau tudun shiga gida. Kowanne cikin waɗannan sai da wuta ko guduma, kuma da a kan sabon fenti ne da na yi kuka. Bayan nan ne na sake wargaza ta, aka fesa mata jan goro mai duhu.

Rufin kam na ƙi rage shi. Al'adar 'yan harkar ce su yanke inci biyu ko uku daga ginshiƙai don mota ta yi kwanciya, kuma yana yi wa Ford ta 1932 kyau. A ta 1940, a ganina, ɓarna ce. Layin da ya taso daga rufi ya sauka but ba ya bukatar gyaran kowa. Inji ana iya mayarwa, abin da aka yanke kuwa ya tafi. Fitilun baya masu kama da igiyar kofur, da gilashin gaba mai gida biyu, duk na bar su.

A watan Agusta na bi babbar hanya ta I-71, ta Cincinnati zuwa Louisville a jihar Kentucky, inda NSRA, ƙungiyar masu irin waɗannan motoci, ke taronta na shekara, taron da aka fara a Peoria ta jihar Illinois a 1970. Tafiyar mil ɗari biyu da ɗoriya ce, allurar zafi ba ta motsa ba. Cikin dubban motocin da ke filin, akwai waɗanda fentinsu kaɗai ya fi kuɗin tawa duka, amma a tirela aka kawo wasunsu. Masu tsayawa wurina galibi tsofaffi ne, kuma durƙusawa suke yi su leƙa ƙasa kafin su dubi sama.

A hanyar dawowa ruwa ya kama ni. Waifa ɗin asali da zuƙar iskar inji yake aiki, sai ka taka totur a kan tudu ya tsaya cak, daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Na yi odar na lantarki, shi ne aikin wannan Asabar.