Darasin extern da na tafi da shi

Tunda na ajiye aikin bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min rai. A kod ɗin na'urar da muke kula da ita, wanda aka rubuta da yaren C, tun kafin in zo akwai wani heda (fayil na .h da sauran fayiloli ke jawowa) da aka jibge bariyabul (ma'ajiyar ƙima a kod) a ciki haka nan, `int batir;` ba extern (kalmar da ke nuna ainihin bariyabul ɗin yana wani fayil) ba komai, kuma kusan kowane fayil na .c yana jawo shi. Shekaru abin na tafiya lafiya don tsohon GCC, wato kompailan da ke harhaɗa mana kod, yana bari a haɗe batir ɗin duk fayilolin wuri guda shiru. Da GCC 10 ya fito a 2020 sai -fno-common, wanda ke hana wannan haɗewar, ya zama tsarin asali, ranar da muka sabunta kompaila kuwa linka (mai haɗa fayilolin su zama shiri ɗaya) ya cika mana allo da kukan multiple definition, wato an ayyana batir fiye da sau ɗaya. Nan take oga ya ce ni na ɓata, wai ni na taɓa hedan a ƙarshe.

Na yi masa bayani cewa #ifndef (mai hana a jawo heda sau biyu a fayil ɗaya) ba ya maganin wannan, kowane .c shi kaɗai ake harhaɗa shi, sai a wajen linka suke karo. Gyaran kuma ba wuya, `extern int batir;` a heda, ainihin `int batir = 0;` a fayil ɗaya tak. In ma sauri ake yi ai -fcommon mai dawo da tsohon tsari na nan, a saka a lallaɓa zuwa mako mai zuwa. Ya ce shi ba shi da lokacin lacca, a sa static kawai. Wallahi na faɗa masa abin da zai biyo baya. Static a heda yana kashe kukan linka, amma kowane fayil sai ya samu kwafinsa, wanda ke auna batir yana rubutawa a nasa, wanda ke nunawa a allo yana karanta sifili har abada. Aka sa static ɗin, haka na'ura ta je hannun kwastoma tana cewa ba caji alhali batir cike yake, kuma a mitin sunana aka kira, shi oga ko uffan bai ce ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Fayil ɗin da ke riƙe da bariyabul shi ma ya jawo hedan, don in int ne a nan long a can kompaila ya kama tun da wuri. Bariyabul ɗin da interrupt (kod da ke katse aikin na'ura in wani abu ya faru) ke canzawa a sa masa volatile, don kompaila ya riƙa karanta shi sabo kowane lokaci. Umarnin oga a nemi ya zo a rubuce. Sai kuma nm, manhajar da ke jero sunayen da ke cikin .o (fayil ɗin da kompaila ke fitarwa daga .c), da shi na nuna wa abokan aikina batir a kowane .o ɗauke da ƙaramin b (kwafin fayil ɗin na kansa) maimakon U (ainihin yana wani fayil), su dai sun gani da idonsu.