Igiyata ta daina lilo

'Yan uwa masu kwaikwayon ɗebo tsakuwa daga dutsen sararin samaniya a kwamfuta, yau dai mazubin ɗibar tsakuwata ya shiga cikin kumbo lafiya, kuma wallahi farin cikina ba ya misaltuwa.

Na ɗauki Bennu ne, wani dutse da ke kewaya rana, tunda an san alƙalumansa: faɗi kusan mita 500, yana juyawa sau ɗaya duk awa 4.3. Da kumbon NASA mai suna OSIRIS-REx ya taɓa shi a 2020, hannun kumbon ya nutse kusan rabin mita, saboda saman ba ya riƙe komai. Shi ya sa nake son kumbo ya tsaya can nesa, ya zura mazubi da igiya kamar mai jan guga. Saukarwar ba ta ba ni wahala ba.

Jawowar ce ta hana ni barci. Mazubin yakan taso da ɗan motsi zuwa gefe, wanda ido ma ba ya gani. Amma duk yadda igiya ta gajarta, haka gudun gefen ke ƙaruwa. Santimita 1 a daƙiƙa a tsawon mita 100, idan saura mita 10 ya zama santimita 10, idan saura mita 1 ya kai mita guda cur. Sai ya kewaye kumbon ya maka kansa a faifan hasken rana. Na rage saurin naɗi, a banza. Na ƙara wa mazubin nauyi, a banza. Ga jan Bennu ba shi da ƙarfin da zai miƙar da igiya, sai ta saki, ta yi lanƙwasa, sannan ta fizge lokaci guda. Takaici ya sa na rufe kwamfutar ba sau ɗaya ba.

Abu biyu na haɗa. Kumbon yana ja da baya a hankali da ƙananan rokokinsa, don igiya ta zauna a miƙe. Sannan injin naɗi ba ya ja sai mazubin ya kai ƙarshen lilonsa, inda gudun gefe ya mutu. Idan ka ja yana tsakiya, ƙarfi kake ƙara masa.

Man da rokokin suka sha ya yi mini ciwo, kuma yanzu shi zan bi in rage. Har yanzu mazubina fanko ne a lissafin. Wanda ya taɓa saka tsakuwa mai zamewa a ciki, ya faɗa mini yadda ya yi da nauyin da ke sauyawa.